Tambaya ta Bakwai a Takardar Asuransi

Na fi shekara goma ina ɗaukar alƙalami a kan wannan magana ina ajiyewa. Sau biyu na cika shafi na yage shi. Ba rashin iya rubutu ya hana ni ba, domin rubutu ne sana'ata. Abin da ya hana ni shi ne maganar ba tawa ce ni kaɗai ba, kuma mai ita ya rasu, ba ni da hanyar neman izininsa. A ƙarshe na je na tambayi matarsa. Ta ce in rubuta, amma kada in sa sunan kowa. Ban sa ba.

Karatuna bai wuce satifika ta lakwal ba, wato ƙaramar makarantar boko. Da ita na zauna shekara da shekaru a ƙarƙashin wata rumfa kusa da meri, wato ofishin magajin gari, a Ƙonni, da tebur da mashin ɗin rubutu da takardar karbon da tawadar dangwale, ina rubuta wa mutane takardu da Faransanci. Aikin yana da tsarinsa. In mutum ya kawo takardar cikewa, sai in karanta tambaya, in faɗa masa da Hausa, ya ba ni amsa da bakinsa, in rubuta. In mun gama in sake karanta masa daga farko, sannan ya dangwala yatsa. Ni nakan karanta sau uku, abin da ya sa abokan sana'a suke cewa wanda ya zauna a teburina da hantsi ya zo da abincin rana. Ba na jin haushi. Tsoron kuskure a jinina yake.

Yayana, wanda nake bi, yana aiki a izin, wato masana'antar siminti ta Malbaza, wajen da ake ɗura siminti a buhu. Bai yi lakwal ba. Mutum ne mai ƙarfi, mai dariya da babbar murya, kuma tun muna yara yake kirana Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, don tsokana. Yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku, suna zaune a ɗakin haya. Cikin shekarun casa'in ya sami fili a bayan garin Ƙonni. Ni na karanta masa takardar filin, kuma ni na nuna masa layin da ya ce in wa'adi ya cika ba a yi gini ba, meri tana da ikon karɓe wurin ta ba wani. Wa'adin nasa zai cika bayan damina mai zuwa. Duk ƙarshen wata yakan sayi buhun siminti ɗaya ko biyu ya aiko mini, in jera su a zaurena a kan katako. Amma siminti kaɗai ba ya tada gida. Akwai ƙarfe da kwano da katako da magina. Sai ya nemi rancen gini a banki, irin wanda ake ba ma'aikata ana cirewa daga albashi.

Wata ranar Lahadi da la'asar ya zo gidana da dosiye a cikin leda. A ciki akwai takardar banki, da wata ta biyu ta asuransi, abin da 'yan Najeriya ke kira inshora. Ma'anarta, in mai rance ya mutu kafin ya gama biya, kamfanin asuransi zai biya sauran, gida ya zama na iyali. Ba a ba da rancen sai da ita. Takardar tana da tambayoyi kan lafiyar jiki, kowace da ɗan akwati biyu a gabanta, na i da na a'a.

Na ɗauko biro zan fara karanta masa kamar yadda na saba. Sai ya dafa takardar.

"Mushe, yau ba karatu. Cika kawai."

"Yaya, ai sai na tambaye ka."

"Mi za ka tambaye ni wanda ba ka sani ba? Tsawona ko nauyina?"

Na ce ka'ida ce. Ya leƙa ƙofar zaure ya ga ba kowa, sannan ya gaya mini. Watanni huɗu da suka wuce wani abokin aikinsu ya ji rauni, suka raka shi wani babban asibiti, aka nemi jini, ya miƙa hannu. Bayan kwana biyu likita ya kira shi ɗaki shi kaɗai, ya ce ba za a yi amfani da jininsa ba, an sami ƙwayar sida, wato ƙanjamau, a ciki. A lokacin ba a ko kama sunan ciwon da ƙarfi. Kuma babu magani a wajenmu.

Na dube shi. Ga shi nan da kafaɗunsa, ba abin da ya ragu a jikinsa. Na duba takarda. Tambaya ta bakwai tana cewa ko an taɓa gwada jinin mai nema aka sami wannan ciwo.

"To ka tafi wajen wani marubuci mana," na ce. Har yau ina jin kunyar wannan maganar.

"Wani zai tambaye ni da baki," ya ce. "In anka tambaye ni da baki ba ni iya cewa a'a. Kai ka sani, ba sai ka tambaya ba. Ni ban iya karatu ba. Abin da hannunka ya sa, shi zan dangwala."

Na cike duka sauran. Ta bakwai na bar ta fanko. Na ce ya ba ni kwanaki in yi tambaya, kada mu yi abin da zai dawo mana. Ya yi dariya, ya ce ai ya san za a yi haka, ya tashi ya bi motar Malbaza.

Damuwata biyu ce. In na sa a'a, na rubuta ƙarya da sani, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. In na sa i, dosiyen a buɗe yake bi ta hannun ma'aikata kafin ya kai Yamai, kuma kafin sati duk Malbaza ta ji. A Ƙonni babu wanda zan tambaya, domin kowa ya san yayana kuma kowa ya san simintin da ke zaurena. Sai na tuna da wani tsohon komi, wato akawu, da ya yi aikin buro a Yamai ya yi ritaya a Illela. Ranar kasuwarsu na hau mota na je, da goro a aljihu.

Na same shi a ƙofar gida yana gyaran rediyo. Na ce masa wani mutum ne ya zo teburina da irin wannan matsala.

"Wani mutum," ya ce, yana dubana ta saman tabarau. "Wanga wani mutum, kullum shi ka shan wahala a ƙasar ga."

Amma ya saurare ni. Ya ce abu ɗaya ya tabbatar: in aka sa a'a, mutum ya mutu, kamfanin ya bincika ya gano an ɓoye, ba zai biya ba. Banki kuwa takardar fili ce jinginarsa, sai ya ɗauki gidan da filin gaba ɗaya. Na ce in aka sa i fa? Ya ce nan ne bai sani ba. Wataƙila su ƙi. Wataƙila su karɓa su ƙara abin da ake biya, kamar yadda ya ga an yi wa wani mai ciwon sukari. Ciwon sabo ne, shi bai riski irinsa a buro ba.

"Rubuta musu, ɗana. Ai kai marubuci ne. Tambaya ba laihi ba ce."

Na rubuta. Na kwana uku ina gyara wasiƙar. Ban sa sunana ba, ban sa na yayana ba, ban ambaci Malbaza ba. Sai na zo wajen adireshi na tsaya. Wanda bai zauna a garuruwanmu a lokacin ba ba zai gane ba: kusan babu mai akwatin gidan waya na kansa. Wasiƙa tana zuwa ta akwatin lakwal, ko na wani buro, ko na babban ɗan kasuwa, ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso, kuma ba abin mamaki ba ne ta iso a buɗe, domin wanda ya ɗauko yakan duba don ya gane ta wa ce. Ni da kaina ta akwatin wani maƙwabci nake karɓar tawa.

Sai na tuna da wani Alhaji dillalin albasa a Badaguishiri wanda na taɓa rubuta wa takardar kaya. Yana da akwati, kuma ba shi da wanda ya sani a danginmu. Na sa lambar akwatinsa, na roƙi a aiko amsa ba tare da suna ba, lambar kawai. A raina na yi dabara. Abin da ban yi ba shi ne in gaya wa Alhajin gaskiyar yadda wasiƙar za ta zo. Na ce masa kawai ina jiran saƙo daga Yamai. Na ji tsoron in na ce ba ta da suna zai tambaye ni dalili.

Bayan sati biyu na je. Ba ta zo ba. Sati na gaba na koma. Na uku ma haka. Tafiyar ba kusa ba ce, kowane zuwa yinin aiki ne ya tafi. A zuwa na uku Alhajin yana zaune cikin masu ɗinkin buhu, ya ɗaga murya.

"Malam marubuci, kai ne kuma? Wagga takarda ta aure ce ko ta gado? Hwaɗa muna mu taya ka jira."

Aka yi dariya. Wani ya ce ko na sami minista ne ban sani ba. Na yi dariyar dole, amma a mota na yi ta tunanin an fara lura da ni, za a fara tambaya, tambaya kuma za ta kai Ƙonni. Na yanke shawarar in ɗan ja baya har a manta da fuskata. Na yi sati bakwai ban je ba.

A cikin waɗannan makonni hadari ya fara haɗuwa. Kullum da safe nakan taɓa buhunan siminti in ji ko sun fara tauri, domin iskar damina kaɗai tana isa ta mai da su dutse. Na ƙara katako a ƙasa, na lulluɓe su da leda, na sake buɗewa don na ji an ce leda tana tara gumi. Yayana kuma ya fara zawo da zazzaɓi, yana zuwa aiki kwana uku ya kwanta biyu. In mun haɗu ba ya tambayata dosiye. Yakan ce kawai, "Mushe, har yanzu ana karatu?"

Da na koma Badaguishiri, Alhajin ya ce babu wata wasiƙa mai sunana. Na ce ba ta da suna. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Subhanallahi! Mai tambarin shuɗi? Ai ta zo tun tuni. Don mi ba ka hwaɗa mini ba?"

Ya ce ya ajiye ta kasuwa biyu ba wanda ya nema. Ya buɗe, ya ga Faransanci, ya nuna wa wani ya duba sama-sama ya ce ba ta haraji ba ce, ba ta kwastan ba ce. Sai ya haɗa ta da tsofaffin takardu ya ba matar da ke suyar ƙosai a bakin rumfarsa, kamar yadda ya saba.

Na je wajenta. Dattijuwa ce, tana da kwali cike da takardu da ta yayyanka daidai tafin hannu. Na gaishe ta, na roƙi ta bar ni in duba.

"Duba, ɗan nan. Amma in kuɗi kaka nema, na riga ka."

Na tsuguna a gefen kaskonta na bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Jarrabawar 'yan lakwal, tsohuwar jarida, rasiɗin buhu. Can ƙasa na sami yanki ɗaya mai tambarin shuɗi. Kan wasiƙar ne: sunan kamfanin, gaisuwa, da layin da ya ce sun sami wasiƙata kuma ga abin da za su iya sanar da ni game da mutumin da na ambata. Daga nan wuƙa ta bi. Sauran sun tafi da ƙosai, Allah kaɗai ya san gidajen da suka shiga. Na sake bin kwalin sau biyu. Ta ba ni ƙosai uku kyauta, ta ce in ci, fuskata ba ta yi mata daɗi ba.

Daga can ban wuce Ƙonni ba, na sauka a Malbaza. Niyyata in gaya wa yayana zan sake rubutawa, wannan karon da sunana, kome zai faru ya faru. Na tarar yana barci da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Matarsa tana tsakar gida tana tankaɗe. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji, ba ma gaisawa sai da tsiya.

"Mijina na lakwal, ina aka hito da ƙura haka? Ko an sake yi mini kishiyar takarda?"

Na ce daga wajen aiki nake. Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta dube ni ba.

"Wata ukku kana yawo da takarda guda. Ka ɗauka ban sani ba? Ranar da ya dawo daga asibiti ya hwaɗa mini. Ni ma an gwada ni, da ni da yara, an ce ba mu da shi. Zauna."

Na zauna a kan turmi. Na gaya mata duka, har ƙosan. Ban san abin da nake jira ba, zagi ko kuka. Sai ta yi dariya har ta ajiye rariya, sannan ta goge ido da gefen zane.

Ta ce maganar banki ta ƙare. An ba shi hutun rashin lafiya mai tsawo, kuma banki ba ya ba da rance sai da takardar shaidar mutum yana bakin aiki. Ko amsar ta zo gobe, ba ta da amfani.

"Kai da ka iya karatu, gaya mini. Takardar hilin nan, ta ce sai an gina gida mai ɗaki nawa?"

Na ce ba ta faɗi yawan ɗaki ba. Ta ce gini kawai.

"To buhu nawa ke zaurenka?"

Na ce talatin da ɗaya, biyu sun fara tauri a gefe.

"A buga bulo da su tun ba su mutu ba. Bulo ruwa ba ya kashe shi, ƙarhi yake ƙara mai. Ɗaki guda da ƙohwa. Katanga mu yi ta ƙasa. Ni ban ce sai na kwana cikin bene ba."

Wata uku ina da takardar filin a akwatina, na karanta ta ya fi sau ashirin, kuma ban taɓa yi mata wannan tambayar ba. Idona yana kan ta bakwai.

Haka aka yi. Ta sayar da tumakinta biyu da ke kiwo wajen wani Bafulatani, aka sayi kwano da ƙofa. Abokan aikin yayana suka zo ran hutu da abin buga bulo. Sun ɗauka ƙurar siminti ce ta kama masa ƙirji, ba wanda ya gyara musu. Ni na rufe teburina sati biyu ina ɗebo ruwa da jaki ina shayar da bulo safe da yamma. Magini ya ce bai taɓa ganin wanda ke ƙirga bulo bayan kowace sallah ba. Kafin a yi girbin gero ɗaki ya tsaya, da rumfar kara a gabansa. Na rubuta takarda zuwa meri, aka aiko mutum ya duba, ya sa hannu. Filin ya zauna.

Yayana ya yi wata biyar a ɗakin. Yakan sa a fitar masa da tabarma ƙarƙashin rumfa ya nuna da sanda inda ɗaki na biyu zai zauna, da inda za a haƙa masai. Wata rana na kawo masa dosiyen na ce ga kayansa. Ya buɗe ya kai yatsa daidai kan layin, ko da yake bai iya karantawa ba, ya ga akwatunan biyu fanko.

"Mushe ke nan," ya ce. "Ajiye. Wata rana ka gama."

Ban san ko yabo ne ko zargi ba, ban kuma tambaya ba. Ya rasu kafin azumi. Matarsa ta raini yaran a wannan ɗaki guda, su huɗu, da zafi da damina, shekara tara kafin babban ya kama aiki ya ƙara na biyu. Duk lokacin da na shiga gidan na ga tabarmi a jere har bakin ƙofa, sai in yi lissafin da ba na so. Da na sa a'a a ranar Lahadin nan, yana da ƙarfinsa yana bakin aiki, da wataƙila ɗaki uku suka samu, kuma wataƙila ba wanda zai bincika. Wataƙila kuma da an bincika an kore su har daga filin. Da na gaya wa Alhajin albasa kalma ɗaya, ko na jure dariyar masu ɗinkin buhu na koma karo na huɗu, da na san abin da kamfanin ya ce tun yana da amfani. Matarsa ta ce in daina, gidan ai ga shi. Na kasa dainawa.

Abin da ya sa na rubuta yanzu shi ne, kwanakin baya wata mata malamar lakwal ta zo gidana, ko da yake na daɗe da barin tebur, ido ya yi rauni. Tana shan magani shekara da shekaru, lafiyarta ƙalau, tana son ta gina ɗaki ita da 'yarta. Ta ciro takardar asuransi daga jaka. Ita ta iya karatu fiye da ni. Abin da take so shi ne wanda zai gaya mata abin da ke biyo baya in ta sa i. Lambar tambayar ta sake, amma tambayar tana nan. Na ce ta ba ni kwanaki. Da na ji abin da ya fito daga bakina sai na tuna haka na ce wa yayana.

Saboda haka ina roƙon mai karatu abu biyu. In akwai wanda ya yi aikin asuransi ko banki a Yamai a waɗancan shekaru, ya gaya mini irin amsar da ake ba wanda ya yi tambaya irin tawa, ko ƙi ne kai tsaye ko akwai wata hanya. Wannan don kaina ne, kuma zan iya jira. Na biyu ba ya jira. Wanda ya san inda mai wannan ciwo zai je yau ya yi tambaya a kan rancen gini da asuransinsa, a ba shi amsa ta gaskiya ba tare da maganarsa ta bi hannun mutane ba, ya aiko ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, sun san inda nake. Ya rubuta a bayan ambulan cewa ta mai tambaya ta bakwai ce. Na riga na gaya musu yadda za ta zo.